Notin Juyen Baƙin Mai: Abin Da Mai Mota Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Sauya Na Asali

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa cikin watan Yunin shekarar, riƙe mota ya zama ɗaya daga cikin manyan nauye-nauyen da ke wuyan ma'aikacin gwamnati a Abuja. Ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 bai hana farashin baƙin mai, filta da sauran kayan gyara ci gaba da cin aljihu ba. Wannan ne ya sa wasu masu motoci suka fara yin juye da kansu a gida ranar Asabar, maimakon su kai motar Apo su wuni. Ban da ragin kuɗin aiki, akwai kwanciyar hankalin da mutum ke samu idan da idonsa ya ga man da aka zuba, a ƙasar da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ta sha kama jabun baƙin mai.

Duk wanda ya ɗauki wannan aiki, abu na farko da zai ci karo da shi shi ne wani ɗan noti da ke ƙasan kaskon mai, kaskon da makanikai ke kira botom filet. Notin bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma shi kaɗai ke tsare kusan lita 4 na man da ke cikin injin mota irin su Corolla ko Camry. A kasuwannin kayan gyara da shagunan intanet akwai notuna iri-iri da ake sayarwa a madadin na asali, kowanne da alƙawarin sauƙaƙa juye. Wasu na cika alƙawarin, wasu kuma na iya jawo asarar inji sukutum.

Inda matsalar take

Abin da ke lalacewa a wannan wuri galibi shi ne zare, wato tsagin da ke zagaye cikin ramin kaskon, wanda notin ke bi idan ana murɗa shi. Notin asali na ƙarfe ne mai tauri. Kaskon motoci da dama kuwa, musamman na zamani, na alminiyam ne, wanda ya fi ƙarfe laushi. Duk lokacin da aka ɗaure notin fiye da kima, ko aka sa shi a karkace, zaren kaskon ne ke ciwo. A hankali sai ya suɗe, mai ya fara ɗiga, mai gyara ya ƙara matsewa don ya tsayar da ɗigon, daga nan sai ranar da notin zai riƙa juyawa ba tare da ya kama ba.

Kamfanonin ƙera motoci sun ƙayyade ƙarfin ɗaurin wannan noti. Ga yawancin ƙananan motocin Toyota da Honda, adadin yana kusa da Newton-mita 40, ƙarfin da bai kai wanda ake ɗaure notin taya da shi ba ko kusa. Sifana mai awon ƙarfin ɗauri ita ke nuna an kai wannan adadi, amma ba kowane gareji ke amfani da ita ba. Haka kuma akwai wosha, ɗan zoben alminiyam ko jan ƙarfe da ke tsakanin kan notin da kaskon. An yi ta ne don ta lotsa ta toshe kafa, kuma da zarar ta lotsa sau ɗaya ta gama aikinta. Maimaita tsohuwar wosha na daga cikin manyan dalilan ɗigon da ke sa a matse noti har zare ya lalace.

Lissafin ya fi tsanani ga ma'aikacin da ke zaune nesa da ofis. Mai zuwa sakatariya daga Gwagwalada yana cin kusan kilomita 100 a rana, zuwa da dawowa. Idan ya bi al'adar juye a kowane kilomita 5,000, za a kwance notin motarsa a sake ɗaurewa sau huɗu ko biyar a shekara, a motar da wataƙila ta riga ta yi shekara goma a wata ƙasa kafin ta iso hannunsa.

Nau'o'i uku da ke kasuwa

Na farko shi ne noti mai maganaɗisu a bakinsa. Aikinsa shi ne kama ɓurɓushin ƙarfen da ke yawo cikin mai. Amfaninsa na gaskiya shi ne ba da labari: idan aka kwance aka ga ɗan toka-toka mai laushi, wannan ba abin damuwa ba ne, idan kuwa aka ga gutsattsarin ƙarfe masu kaifi, to wani abu na cinyewa a cikin injin. Sai dai maganaɗisu ba ya kama alminiyam ko jan ƙarfe, don haka tsabtar bakinsa ba shaidar lafiyar inji ba ce, kuma ba ya maye gurbin filta. Ba ya kuma rage wa zare wahala, tunda shi ma kwance shi ake yi a kowane juye. Masu arahar cikinsu, waɗanda aka yi da alminiyam mai launi, sukan karye a wuya idan aka matse, wasu kuma maganaɗisun da aka manna da gam yakan saki ya faɗa cikin kaskon.

Na biyu shi ne noti mai famfo. Fitacce a cikinsu shi ne na kamfanin Fumoto na ƙasar Japan, wanda aka yi da tagulla, da ɗan hannu da ake ɗagawa a murɗa rubu'in zagaye sai mai ya zubo. Kamfanin Stahlbus na Jamus na da wani salo, wanda ba ya buɗewa sai an cire murfinsa an jona masa mesa ta musamman. Irin wannan noti sau ɗaya ake ɗaure shi, daga nan ba a sake taɓa zaren kaskon. Babu sifana, babu sayen wosha, babu zafin mai a hannu, kuma da mesa ana iya tura tsohon man kai tsaye cikin jarka. Wannan shi ne nau'in da ya fi amsa buƙatar mai juye a gida.

Na uku shi ne notin ceto, mai ɗan kauri fiye da na asali, wanda ke yanka wa kansa sabon zare a ramin da ya riga ya suɗe. Yana fitar da mutum daga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, amma gyara ne na wucin gadi, domin in ya shiga a karkace ba zai daina ɗiga ba. Gyaran da ya fi ɗorewa shi ne a dasa sabon zaren ƙarfe a ramin, irin na Helicoil ko Time-Sert, ko kuma a sauya kaskon baki ɗaya.

Hanya ce ke yanke hukunci

Aibin noti mai famfo shi ne tsawo. Ya fi kan notin asali fitowa waje, kuma a motocin da raminsu ke cikin loko sai an ƙara masa mahaɗi, abin da ke ƙara masa tsawo. A titunan Maitama da Asokoro wannan ba wani abu ba ne. Amma mafi yawan ma'aikata ba can suke kwana ba. Wanda ke shiga lungunan Mararaba, Nyanya, Lugbe ko Kubwa ya san tudun rage gudu da mazauna unguwa ke ginawa ba awo, ya san ramuka da duwatsun da ruwan damina ke tonowa. Dutse ɗaya ya isa ya fille tagullar, kuma mai zai tsiyaye cikin 'yan mintuna. Idan direba bai lura da jar fitilar mai ba, inji zai buga. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Saboda haka kafin a saya, sai a leƙa ƙarƙashin motar. Idan ramin notin yana kallon baya ko gefe, kuma akwai ƙarfen shasi ko farantin kariya da ya fi shi kusa da ƙasa, famfon zai samu mafaka. Idan kuwa ramin yana kallon ƙasa kai tsaye kuma shi ne mafi kusa da titi, barin notin asali ya fi zama alheri. Manyan motoci masu tsayi sun fi dacewa da famfo fiye da ƙananan da cikinsu ke gab da ƙasa. Wanda ya saka, ya nemi ɗan makullin da ke hana hannun famfon motsi, musamman idan yana bin hanyar ƙauye mai ciyawa da itatuwa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu. Ramin famfo ya fi na kasko ƙanƙanta, don haka mai ya fi jinkirin zubowa, sai an ɗumama injin an kuma yi haƙuri. Sannan bakin famfon yakan ɗan kutsa cikin kaskon, ya bar ɗan tsohon mai a ƙasa. Ga wanda ke juye a kan lokaci, wannan ragowar ba ta kai ta tayar da hankali ba.

Girma da inganci

Ba duk noti ke shiga kowace mota ba. Yawancin motocin Toyota na amfani da mai kaurin milimita 12 da tazarar zare 1.25, yayin da na Honda galibi milimita 14 ne da tazarar 1.5. Noti biyu na iya zama kauri ɗaya amma tazarar zarensu ta bambanta, kuma tilasta irin wannan shi ke kashe kasko nan take. Ƙa'idar ita ce a fara murɗa noti da yatsu. Idan ya cije kafin ya yi zagaye uku ko huɗu, a tsaya a fitar. Wasu injinan Volkswagen da Audi na zamani ma kaskonsu da notinsu na roba ne mai tauri, ana sauya notin a kowane juye, ba a kuma yi musu karambani. Famfon tagulla kuwa cikinsa rami ne, ba ya jure matsin da notin ƙarfe ke jurewa, don haka adadin da kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta shi za a bi. Jabu na nan birjik, kuma araha ba ta ado a wurin da rayuwar inji ta rataya.

Ga hadimai da direbobin da aka damƙa wa motar ofis ko ta maigida, maganar ta bambanta. Motar gwamnati dukiyar jama'a ce, sauya mata wani abu sai da izinin sashen sufuri. Sabuwar motar da ke ƙarƙashin garanti kuma, dillali na iya ƙin ɗaukar nauyin gyara idan aka gano cewa kayan da ba na asali ba ne ya jawo ɓarnar. Ragin da za a samu bai kai takardar neman bahasi da za ta biyo baya ba.

Sauran sharuɗɗan juye a gida

Kowane noti aka zaɓa, kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Sai an sa mata ƙafafun ƙarfe a kan daɓe mai tauri. A bar inji ya huce zuwa ɗumi, domin man injin da ke aiki yakan kai zafin tafasasshen ruwa. A tabbata tsohon zoben robar filta bai manne a jikin injin ba kafin a sa sabuwa. Bayan an zuba mai, a tayar da inji na 'yan mintuna, a kashe, a duba geji, a leƙa ƙasa, washegari kuma a sake dubawa.

Tsohon man ma amana ne. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye ɗaya na iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. A unguwannin da jama'a suka dogara da rijiya da burtsatse, zubar da shi a kwata ko bayan gida cutar da maƙwabta ne. A zuba shi a jarka mai murfi a kai wa gareji ko wurin juye da ke tarawa.

Wanda motarsa ke da tsayi, raminta ke da mafaka, kuma ya samu famfo na gaske daidai da zaren kaskonsa, zai ji daɗin juye shekara da shekaru. Wanda bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, ya riƙe notin asali, ya sayi woshoshi goma ya ajiye a mota, ya kuma mallaki sifana mai awo, wadda kuɗinta bai kai na sauya kasko ba, balle na sabon inji.