ZAKKAR FIDDA KAI: HAKKIN MATALAUTA A ƘARSHEN AZUMI

A duk shekara, idan watan Azumi ya zo ƙarshe, hankalin jama'a yakan koma ga ɗinkin Salla da cefane da shirin ziyarar 'yan'uwa. A cikin wannan hidima akan sami masu gida da yawa da ke mantawa da wani nauyi da Musulunci ya ɗora musu, ko kuwa su sauke shi a gaggauce ba bisa ƙa'ida ba. Wannan nauyi shi ne Zakkar Fidda Kai, wadda wasu ke kira Zakkar Kono.

ASALINTA DA MANUFARTA

An wajabta Zakkar Fidda Kai a Madina a shekara ta 2 bayan Hijira, watau shekarar 624 ta Miladiyya, shekarar da aka wajabta azumin Ramadan. Hadisin da aka samo daga Abdullahi ɗan Abbas ya nuna manufarta iri biyu ce. Ta farko ita ce tsarkake mai azumi daga yasasshiyar magana da kurakuran da suka auku gare shi a cikin watan. Ta biyu ita ce ciyar da miskinai, domin kada a wayi gari ranar Salla wani gida yana murna, maƙwabcinsa kuwa ba a ɗora tukunya ba.

Ta bambanta da zakkar dukiya. Zakkar dukiya sai mai nisabi wanda shekara ta kewayo masa, ita kuwa wannan a kan kawuna take. Ta hau kan namiji da mace, babba da yaro, mai azumi da wanda rashin lafiya ko tafiya ta hana shi yi.

WANDA ZAI FITAR

Duk Musulmin da ya mallaki abin da ya wuce abincinsa da na iyalinsa na ranar Salla, lalle ne ya fitar. Mai gida zai fitar wa kansa, sa'an nan ya fitar wa waɗanda ciyar da su ya wajaba a kansa: matansa, da 'ya'yansa da ke ƙarƙashinsa, da iyayensa idan ba su da hali. Jaririn da aka haifa kafin faɗuwar rana ta ƙarshen Azumi shi ma yana cikin lissafi. Wanda ba shi da komai sai abin da zai ci a ranar, babu laifi a kansa, hasali ma shi ne ya cancanci a ba shi.

AWO DA IRIN ABINCI

A nan ne aka fi samun kuskure. Abin da za a fitar wa kowane mutum sa'i ɗaya ne, watau mudun Annabi huɗu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mudun Annabi shi ne cikin tafin hannu biyu na mutum matsakaici, idan ya haɗa su ya kamfato hatsi ba tare da ya matse ko ya baza yatsunsa ba. Ba ɗaya yake da mudun kasuwa ko tiya ba, gama waɗannan girmansu yakan sāɓa daga gari zuwa gari. Awon da ake yi da shi a Kano dabam yake da na Ibadan, na Ibadan kuma dabam da na Anacha. Saboda haka ya kamata mai gida ya nemi mudun Annabi wurin limamin unguwarsa ya gwada da shi, ko ya auna da hannunsa. Ga wanda ke sayen abinci da sikeli, malamai sun ƙiyasta sa'i ɗaya tsakanin kilo biyu da rabi zuwa kilo uku, gwargwadon nauyin hatsin.

Ga misali: mutumin da ke da mata ɗaya da 'ya'ya biyar, kuma mahaifiyarsa na hannunsa, kawuna takwas ke nan har da shi. Zai fitar da mudun Annabi 32, kimanin kilo 20 zuwa 24. Wanda ya cika ya ɗora, ya fi wanda ya tauye samun kwanciyar rai.

Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan malamai a ko'ina cikin ƙasar nan, ya lissafa abincin da ake fitarwa, ciki har da alkama, sha'ir, dabino, zabibi, gero, dawa da shinkafa. Ƙa'idar ita ce a fitar daga abincin da mutanen gari suka fi rayuwa a kansa. Inda jama'a suka dogara ga masara ko wake ko garin rogo, kamar yadda yake a wurare da yawa na tsakiya da kudancin Nijeriya, malamai sun yarda a fitar daga cikinsu. Ba daidai ba ne gidan da ke cin shinkafa mai kyau ya nemo tsohuwar dawa da ƙwari suka cinye ya ce ita ce zakkarsa. Haka kuma hatsin da aka zuba wa maganin ƙwari don ajiya, kada a miƙa shi ga mabuƙaci sai an tabbata ba zai cutar da mai ci ba.

Game da ba da kuɗi maimakon hatsi, malamai sun yi saɓani. Mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin Nijeriya ke bi, da ta Shafi'iyya da Hambaliyya, sun tsaya a kan abinci. Mazhabar Hanafiyya ta halatta ba da ƙimarsa. Wanda ya bi wannan ra'ayi na biyu, sai ya yi lissafi da farashin kasuwa na ranar da zai fitar, ba na bara ba.

LOKACIN FITARWA

Lokacin da aka fi so shi ne bayan ketowar alfijir na ranar Salla, kafin a tafi filin Idi. An kuma yarda a fitar da ita kwana ɗaya ko biyu kafin Salla, kamar yadda aka ruwaito Sahabbai na yi. Wannan rangwame yana da amfani ƙwarai, domin gero da dawa suna buƙatar surfe da niƙa kafin su zama tuwo. Matar da aka kai wa hatsi da hantsin ranar Salla, da wuya 'ya'yanta su ci shi a ranar. Tun da yake watan kan yi kwana 29 ko 30, kuma sai Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar ganin wata ake sanin ranar, mai hankali yakan tanadi hatsinsa ya auna tun cikin goman ƙarshe.

Wanda ya yi sakaci har aka sauko daga Idi ya rasa falalar lokacin, amma nauyin bai faɗi daga kansa ba. Bashi ne, sai ya biya.

WANDA ZA A BA

Ana ba da ita ga matalauta da miskinai Musulmi. Mutum ba zai ba wanda ciyar da shi ke wuyansa ba, kamar matarsa ko ƙananan 'ya'yansa, amma ɗan'uwa mabuƙaci da ba ya ƙarƙashinsa ya fi cancanta. An fi so a raba ta a garin da mutum yake. Don haka ɗan kasuwa ko ma'aikacin da Salla ta riska a Agege ta Legas ko Sabo ta Ibadan, sai ya fara duba mabuƙatan da ke kewaye da shi, iyalinsa na gida kuma ya wakilta wanda zai fitar musu a can.

Ya kamata a tuna da waɗanda kunya ke hana su roƙo: zawarawa masu riƙon marayu, tsofaffi, marasa lafiya, da mutanen da rikici ko ambaliya suka raba da gidajensu. Kai musu har gida cikin sirri ya fi tara jama'a a ƙofa, inda turereniya kan jawo rauni, mai ƙarfi ya samu, mai rauni ya koma hannu wofi. A jihohi kamar Kano, Sakkwato da Zamfara akwai hukumomin zakka na gwamnati, a sauran wurare kuma kwamitocin masallatai kan tattara su raba. Wanda zai bi ta hannunsu, sai ya kai da wuri.

Ana kuma kira ga 'yan kasuwar hatsi su ji tsoron Allah, su guji tauye mudu da ɓoye kaya don farashi ya hau a waɗannan kwanaki. Limamai da masu unguwanni su taimaka wajen bayyana wa jama'a awo na gaskiya. Kowane mai gida ya ƙirga kawunan gidansa, ya auna hatsi mai kyau, ya isar da shi ga mai shi kafin a ɗaura haramar Idi.

Allah Ya karɓi ibadar jama'a, Ya ba ƙasa lafiya da yalwar abinci, amin.