Gishirin da Ke Sauya Launi Ba da Rini Ba

Kowa ya san gishirin miya fari ne. Amma idan aka haska masa hasken eksre, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, sannu a hankali sai ya koma rawaya. Ɗan'uwansa, gishirin fotasiyam kulorayid, shunayya yake komawa. Tun a 1894 wani masani Bajamushe, Eugen Goldstein, ya lura da irin wannan sauyi, daga baya Robert Pohl ya zurfafa bincike a kai a Jami'ar Göttingen.

Asirin yana cikin ginin ƙwayar gishirin. Ƙwayoyin zarra na sodiyam masu cajin tabbaci da na kulorin masu cajin korau suna jere bi da bi, kowane kulorin kewaye da sodiyam shida. Hasken eksre kan ture wani kulorin daga gurbinsa. Da yake sodiyam ne ke kewaye da gurbin, sai ya jawo ilaktiron ya tsare shi. Wannan ilaktiron yakan sha hasken shuɗi mai tsawon zango kimanin nanomita 465, saura kuwa ya iso ido a matsayin rawaya. Gurbin fotasiyam kulorayid ya fi faɗi, saboda haka hasken da yake sha ya fi tsawon zango, launin kuma ya bambanta. Masana na kiran gurbin cibiyar F, daga kalmar Jamusanci mai nufin launi.

Idan aka gasa gishirin, ilaktiron zai kuɓuce, launin ya gushe, wani ɗan haske kuma ya fito. Ma'aikatan ɗakin hoto a asibitoci sukan maƙala wata 'yar alama a ƙirji mai ɗauke da gishirin litiyam fulorayid. Bayan wani lokaci sai a gasa shi a auna hasken da ya fitar, a gane yawan eksre da ya taɓa jikin ma'aikacin kafin ya kai ga illa.

A 2019 kuma, na'urar hangen nesa ta Hubble ta gano alamar wannan cibiya a rawayan wani yanki na Yuropa, ɗaya daga cikin watannin duniyar Jufita. Hakan ya ƙarfafa zaton cewa tekun da ke ƙarƙashin ƙanƙararsa na ɗauke da gishiri irin namu.