Na'urar Sanyaya Masana'anta Mai Harhaɗawa: Me Ya Kawo Ta, Me Ta Haifar?

A da, mai masana'antar da zafi ya dama sai ya kira injiniya ya zana masa ƙaton inji guda, a gina shi daidai da ginin, a ja masa bututun iska zuwa kowane lungu. Yanzu abin ya sauya. Masu ƙera na'urorin sanyaya iska da ruwa sun koma yin akwatuna iri ɗaya da sassa masu cirewa, mai saye ya jera adadin da yake buƙata a kan rufi ko jikin bango.

Aikin na'urar irin na randa ne: ruwa na tsatsafowa, iska na busar da shi, zafi na tafiya da tururin. Famfo kan tura ruwa daga tanki ya jiƙa soson takarda mai ƙananan ramuka, fanka ta zuƙo iskar waje ta cikinsa. Kowace litar ruwa da ta bushe tana kwashe zafi kimanin kilojul 2,400. Babu kwamfaresa, babu gas. A ƙirar harhaɗawa, soso, fanka da injinta, famfo, tanki da allon sarrafawa kowanne zaman kansa yake. Gangar jiki guda ake juyawa ta fitar da iska ta sama, ta ƙasa ko ta gefe.

Dalili na farko da ya kawo wannan ƙira shi ne kuɗin wuta. Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa iyakwandishan da fanka na cin kusan kashi 10 cikin ɗari na wutar duniya. A Najeriya, tun da aka kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, sanya wa babban zauren aiki iyakwandishan ya fi ƙarfin yawancin masu masana'antu. Akwatin da ke hura iska kubik mita 18,000 a awa kuwa injinsa bai wuce kilowat 1.1 ba.

Na biyu, faɗin kasuwa. Kamfanin Symphony na Ahmedabad a Indiya, wanda Achal Bakeri ya kafa a 1988, ya sayi Impco na Mekziko, da Keruilai na Sin, sannan Climate Technologies na Ostareliya a 2018. Duk mai sayarwa a ƙasashe irin waɗannan zai ci karo da bambanci: wutar Mekziko na tafiya a hez 60, ta Indiya da Najeriya a 50. Sauya inji kaɗai ya fi sake zana na'ura dungurungum sauƙi. Ga tsadar mazubin da ake zuba robar gangar jiki, wanda ba ya mayar da kuɗinsa sai an yi dubbai da shi. Ga kuma jigila: akwatin da aka riga aka haɗa yawancin cikinsa iska ce, amma in an wargaza shi an jera bangwayensa, kwantena ɗaya za ta ɗauki ninkin abin da take ɗauka.

Amfanin da ya fi fitowa fili shi ne a gyara. Idan famfo ya ƙone, mai gyara zai hau rufi, ya zare bango ɗaya, ya kwance waya da tiyo, ya sa sabo, sauran akwatunan na ci gaba da aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai gonar kaji a watan Afrilu, lokacin da tsayawar sanyi na 'yan awoyi kan iya kashe kaji masu yawa. Haka nan mai ƙaramin jari a Sharaɗa ko Bompai a Kano zai iya farawa da akwati huɗu a inda ma'aikata suka fi cunkushewa, ya ƙara idan ciniki ya buɗe. Shigo da sassa a warwatse kuma na samar wa masu haɗawa da masu walda aiki a gida.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Yawan mahaɗa na nufin yawan wuraren yoyo, kuma akwati goma a kan rufi rami goma ne da ruwan sama zai gwada. Babbar illar ita ce yadda wasu kamfanoni kan yi sassan da ba sa shiga na'urar kowa sai tasu. Harhaɗawar ta amfani mai ƙerawa, amma mai saye ya zama ɗaurarre: in dillali ya daina kawo kaya, soso ɗaya zai ajiye na'ura lafiyayya. Sauƙin sauyawa ya kuma buɗe ƙofa ga jabun soso da ke ruɓewa tun kakar ba ta ƙare ba.

Akwai kuma abin da ƙira ba ta iya sauyawa. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri, idan zafi ya kai digiri 42 kuma danshin iska kashi 15 ne, soso mai kyau zai sauko da shi zuwa wajen 26. Da damina ta kankama, danshi ya haura kashi 75, sauƙin da za a samu bai wuce digiri uku ba. Sanyin bazarar ma da ruwa ake biyansa: akwati ɗaya na iya shan lita 100 ko fiye a awa. Ruwan burtsatse mai gishiri kuwa kan bar farin ɓawo ya toshe soso, shi ya sa dole a riƙa zubar da na tanki ana sabuntawa. Iskar ma sai an ba ta hanyar fita, in ba haka ba zauren ya cika da gumi.

Idan aka auna, ribar wannan ƙira ta rinjayi illarta a yankuna masu busasshen zafi, amma da sharaɗi: sassan su kasance ana samunsu. Kafin mai masana'anta ya tambayi farashin na'ura, ya kamata ya tambayi girman sosonta, ko famfon wani kamfani zai shiga, da wanda ke ajiye kayan gyaranta a garinsu. Ya kuma lissafa ruwan da rijiyarsa za ta iya bayarwa a watan Afrilu. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON da ƙungiyar masu masana'antu ta MAN za su yi babban taimako idan suka matsa a daidaita ma'aunin soso da famfo, domin mai gyara a Kano ya iya tayar da kowace na'ura da abin da ke kasuwa.