Yamaha Serow: Ƙaramin Babur Da Ya Shekara 35 Yana Ratsa Kwalta Da Daji

Masu ƙera babura sun daɗe da raba hajarsu gida biyu. Akwai na kwalta, mai gajerun ƙafafu da taya mai santsi, wanda da zarar ya sauka kan gargada sai ya fara dukan ƙasa da cikinsa. Akwai kuma na tseren daji, dogo mai ƙarfi, wanda ba shi da fitila ba shi da lamba, doka ma ba ta yarda ya hau titi ba. A tsakanin waɗannan biyu ne aka samar da wani jinsi na uku, babur mai hanya biyu, wanda zai fito daga cikin gari da lambarsa da fitilunsa, in kwalta ta ƙare ya ci gaba da tafiya. A cikin wannan jinsi, kaɗan ne suka yi tasiri irin na Yamaha Serow, wanda aka fara sayarwa a Japan a 1985, aka ci gaba da ƙera shi domin kasuwar ƙasar har 2020. Bai taɓa zama mafi ƙarfi ko mafi gudu a cikin tsararrakinsa ba. Abin da ya raya shi shi ne an auna shi da jikin mahayi na yau da kullum, da kuma irin hanyar da zai bi.

Asalin jinsin

Kafin ƙarshen shekarun 1960, mai son shiga daji da babur yakan sayi na kwalta ne ya sauya masa taya, ya ɗaga salansa, ya yi maneji. A 1968 kamfanin Yamaha, wanda hedikwatarsa ke Iwata a lardin Shizuoka, ya fitar da DT-1, babur mai inji cc 246 mai bugu biyu, wanda tun daga zanensa aka yi shi domin titi da daji gaba ɗaya. Amurkawa aka fi nufa da shi, domin a yammacin ƙasarsu akwai filaye da hamada da matasa ke son ratsawa, kuma ya samu karɓuwa fiye da yadda kamfanin ya zata. Honda ta mayar da martani a 1972 da XL250 mai bugu huɗu. A 1976 Yamaha ta sake fitowa da XT500, wanda Bafaranshe Cyril Neveu ya lashe tseren Paris zuwa Dakar na farko da na biyu a kansa, a 1979 da 1980. Tseren na farko ya ratsa ta Agadas da Yamai, don haka rairayin Nijar na cikin wuraren da aka gwada ƙarfin wannan jinsi a idon duniya.

Nasarar tsere ta zo da nata sakamakon. A farkon shekarun 1980 kamfanonin Japan huɗu, wato Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki, suka shiga gasar nuna ƙarfin inji. Kowace shekara babura na ƙara tsayi, shok na ƙara tsawo, ƙarfin doki na ƙara hawa. Babur ya koma daidai da gwanin tsere, amma ya fi ƙarfin ɗan koyo da gajeren mutum da mata da yawa. Wanda ƙafarsa ba ta kai ƙasa, in ya tsaya a kan gangare, faɗuwa ce ke jiransa.

Tunanin da ya haifi Serow

Ƙasar Japan duwatsu ce da dazuzzuka. Kusan kashi biyu cikin uku na faɗinta kurmi ne. Hanyoyin da ke cikin waɗannan duwatsu ƙanana ne, masu kwana da saiwoyi da laka da tsakuwa. A irin wannan wuri gudu ba shi da amfani. Abin da mahayi ke buƙata shi ne ya iya lallaɓawa, ya kafa ƙafa in hanya ta rikice, ya juya in ya tarar ta toshe, ya ɗaga babur ɗinsa shi kaɗai in ya faɗi. Injiniyoyin Yamaha suka gina sabon babur a kan wannan fahimta, suka ce tafiyarsa da taya biyu ce da ƙafa biyu, wato kafa ƙafa a ƙasa wani ɓangare ne na tuƙin, ba abin kunya ba ne. Suka raɗa masa sunan wata dabbar duwatsun Asiya mai kama da akuya, wadda aka sani da iya hawan tsauni.

Ba su ƙirƙiro sabon inji ba. Sun ɗauki na XT200 mai cc 196 da suke da shi, suka faɗaɗa shi zuwa cc 223. Silinda ɗaya ce, bawul biyu, kabreta, iska ke sanyaya shi, ƙarfinsa doki 20. Girman ma da dalili. A dokar Japan babur da ya haura cc 125 yana iya hawa babbar hanyar mota, wanda bai wuce cc 250 ba kuma an ɗauke masa binciken lafiyar abin hawa na lokaci-lokaci da ke cin kuɗi. Serow ya faɗa daidai tsakanin waɗannan iyakoki biyu.

Siffofin da suka bambanta shi

Abu na farko nauyi ne. Samfurin 1985 kilo 102 ne ba tare da mai ba. Wannan adadi ya fi kowane muhimmanci a daji, domin duk wanda ke bin mummunar hanya zai faɗi wata rana. Babur mai kilo 200 in ya kwanta cikin laka sai an nemo mutane. Mai kilo ɗari da 'yan kai, mutum ɗaya ya ishe shi. Har maƙallan hannu aka sa masa a gefen baya, da wani ƙarfe a ƙarƙashin fitilar gaba, domin a samu wurin kamawa in ana jan sa daga rami.

Na biyu tsayin kujera ne, milimita 810, ƙasa da na abokan gasarsa a lokacin, alhali tazarar da ke tsakanin cikin injin da ƙasa ta kai kimanin milimita 285. Haɗa waɗannan biyu ba ƙaramin aiki ba ne, domin duk abin da ya ɗaga inji sama yakan ɗaga kujera. Ƙanƙantar injin da sirantar jikin babur ɗin ne suka ba da wannan dama. Siririyar kujera kuma tana barin ƙafa ta sauka kai tsaye, ba sai ta buɗe ba.

Na uku giya ce. Guda shida aka sa masa, ta ɗaya kuma an yi ta ƙasa sosai. A nan ne hikimar take. Ƙaramin inji ba shi da ƙarfin da zai tura babur kan tudu kai tsaye, amma giya ta ƙasa tana ninka ƙarfin juyin da ke isa tayar baya, ta rage gudu. Da giya ta ɗaya Serow na iya tafiya daidai da takun mutum ba tare da inji ya mutu ko an ƙona kuloci ba. Giya ta shida kuma tana sassauta wa injin a kan kwalta, ta rage shan mai. Ratar da ke tsakanin ta ɗaya da ta shida ita ce ta ba ƙaramin inji damar yin aikin hanya biyu.

Na huɗu shi ne juyawar kai. Hannun babur ɗin na karkata har digiri 51 hagu da dama, abin da ya sa yake iya juyowa a fili mai ƙunci ƙwarai. Tayar gaba inci 21 ce, ta baya 18. Babbar taya tana hawa dutse ko bakin rami cikin sauƙi fiye da ƙarama, domin tana tunkarar cikas ɗin a kwance, ba ta yi masa karo ba. Wayoyin ƙafar kuma suna ɗan lanƙwasa su shanye duka, in ɗaya ta karye a sauya ta ita kaɗai.

Sanyaya inji da iska ma zaɓi ne da aka yi da gangan. Inji mai lagireto ya fi jure aiki mai zafi, amma yana ƙara nauyi da tsada, kuma reshe ɗaya na iya huda shi a tsakiyar daji. Abin da babu shi a jikin babur ba zai lalace ba.

Gyara a hankali

Yamaha ba ta yi ta sauya fasalin babur ɗin kowace shekara ba. Samfurin farko da ƙafa ake tayar da shi, wanda wahala ce ga wanda injinsa ya mutu a kan gangare. A 1989 aka sa masa sitata, kuma daga nan ne kasuwarsa ta buɗe sosai, musamman ga sababbin mahaya da mata. A 1993 birkin baya ya koma na faifai. A 1997 aka ƙara girman tanki zuwa lita 10, aka sa tayar baya marar tub, wadda facinta ya fi sauƙi a hanya. A Amurka an sayar da shi da sunan XT225 daga 1992 zuwa 2007.

A 2005 aka sabunta shi gaba ɗaya ya zama Serow 250, da inji cc 249 da giya biyar. A 2008 na kasuwar Japan ya bar kabreta ya koma ga na'urar fesa mai, domin cika sharuɗɗan rage hayaƙi. Kowace sabuwar doka tana ƙara kaya a jikinsa, har nauyinsa da mai ya kai kilo 133 a samfurin ƙarshe. A 2020 kamfanin ya fitar da bugun bankwana a Japan, ko da yake an ci gaba da sayar da shi a Amurka da sunan XT250.

Wannan tsawon rai na cikin sirrin arahar babur irin wannan. Injin da aka shekara ashirin ana ƙerawa ya riga ya mayar da kuɗin zanensa da na injinan masana'anta. Kayan gyaransa sun yawaita, makanikai sun haddace shi, an gano kurakuransa an toshe. Injin cc 223 ɗin ma bai mutu ba, domin ya ci gaba da aiki a cikin TT-R230 da ake ƙerawa a Barazil.

Serow yana da iyakokinsa. A babbar hanya doki 20 ba ya isa a yi gogayya da motoci, iska kuma tana wasa da babur marar nauyi. Kujerar da ke taimakon ƙafa a daji tana gajiyar da mai doguwar tafiya. Shok ɗinsa mai laushi ne, bai dace da tsalle ba, kuma ba a yi shi don ɗaukar buhuna ba. Matsayinsa a cikin babura kamar na jaki ne a cikin dabbobin hawa: ba a kai shi sukuwa, amma yana shiga inda doki zai turje.

Sauran kamfanoni sun shaida ingancin tunanin da ya haifi Serow ta hanyar binsa. A 1997 Kawasaki ta fitar da Super Sherpa, Honda ta fitar da SL230. A 2019 Kawasaki ta kawo KLX230 mai sanyaya iska da giya shida, a shekarar ne kuma Hero ta Indiya ta fitar da XPulse 200 mai tayar gaba inci 21. A 2023 Honda ta shigar da XR150L kasuwar Amurka a kan farashin da bai kai dala 3,000 ba.

Inda labarin ya shafe mu

Dangin injin Serow sun daɗe da isowa Afirka. Yamaha AG200, wanda aka ƙera domin makiyaya da manoman Ostireliya da New Zealand, yana amfani da inji cc 196 na zuriya ɗaya da wanda aka faɗaɗa wa Serow. An rufe masa sarƙa don kada yashi ya cinye ta, an sa masa kariya gaba da baya, da jak a kowane gefe. Shi da ƙanensa AG100 suna cikin baburan da ƙungiyoyin agaji da ma'aikatan lafiya ke shiga ƙauyuka da su. Ƙungiyar Riders for Health, wadda Barry da Andrea Coleman suka kafa tare da ɗan tseren babur Randy Mamola, ta taso ne bayan sun ga baburan kiwon lafiya jibge a Afirka sun mutu saboda ƙananan matsaloli. Darasin da ta koyar shi ne babur mai sauƙi da ake duba wa mai da sarƙa da matatar iska a kan kari yana iya shekaru bai tsaya a hanya ba.

A karkarar Arewa da kudancin Nijar kuwa, yawancin baburan da ke bin burji da yashi da kwazazzabai na kwalta ne, irin su Boxer, waɗanda aka zaɓa saboda araha da doguwar kujera da wadatar kayan gyara. Ɗan acaɓa da ɗan kabu-kabu suna da hujjarsu, domin fasinja da kaya ne abincinsu. Amma malamin gona da mai allurar rigakafi da ungozoma da malamin makarantar ƙauye, waɗanda su kaɗai suke tafiya da 'yar jaka a hanyar da damina ke yankewa, buƙatarsu daban ce.

Don haka kira ga hukumomi da ƙungiyoyin da ke sayen babura domin ma'aikatan karkara shi ne su fara duba hanyar da mahayin kafin su duba farashi. A tambayi nauyin babur, da tsayin kujerarsa, da tazarar cikinsa da ƙasa, da girman tayar gaba, da yadda giyarsa ta ɗaya take, sannan a tabbatar akwai kayan gyaransa da makanikin da ya san shi a garin da za a kai shi. A ware kuɗin kula da shi tun ranar saye, a haɗa wa mahayi da hular kwano. Babur da aka zaɓa a kan waɗannan ma'aunai shi ne zai kai ma'aikaci ƙauye a watan Agusta, ya kuma dawo da shi gida lafiya.