Butterbeer: Suna Ɗaya, Abin Sha Uku

Duk lokacin da bidiyo ya ɓulla na wani matashi riƙe da kofin Butterbeer, farin kumfa kwance a leɓensa, sai gardama ta kaure. Wasu su ce giya ce tsagwaronta, ai sunan ma ya tona asiri. Wasu su ce haba, abin shan yara ne na fim ɗin Harry Potter, ina ruwansa da giya? Kowane ɓangare ya kama wani gefe na gaskiya ne, domin abubuwan sha uku daban ake kira da wannan suna.

Na farko a takarda kawai yake. J.K. Rowling ta fara ambatonsa a littafi na uku, wanda ya fito a 1999, inda ɗalibai ke shansa da ɗuminsa a ƙauyen Hogsmeade lokacin hunturu. Babu inda ta rubuta yadda ake haɗa shi. Sai dai a littafi na huɗu akwai Winky, ɗaya daga cikin ƙananan halittun da ke zaune a ɗakin girkin makaranta, wadda ta dinga ɗirkarsa har ta yi tatul. Ke nan na cikin labarin yana ɗan bugarwa, ko da bai kai ya juya kan ɗan'adam ba.

Na biyu shi ne na cikin bidiyoyin. Kamfanin Universal ya fara sayar da shi a watan Yunin 2010, lokacin da ya buɗe dandalin Harry Potter a birnin Orlando na Amurka, bayan Rowling ta ɗanɗana ta amince. Wannan babu barasa a cikinsa. Lemo ne mai gas, mai ɗanɗanon sukarin da aka narka da man shanu, a ɗora masa kumfa mai kauri. Akwai mai sanyi, da mai ƙanƙara, da mai zafi. Abin da ya kamata uwa ta ji tsoro a nan zaƙi ne, don kofi guda kan isa ya gundiri babba.

Na uku kuwa ya girmi Rowling da kusan shekaru ɗari huɗu. Wani littafin girki na Ingila daga ƙarshen ƙarni na 16 ya bayyana yadda ake ɗumama giyar sha'ir, a kaɗa mata gwaiduwar ƙwai da sukari da citta da kanumfari, a jefa man shanu. Giya ce ta gaske, kuma har yau akwai masu sha'awar girkin da da ke yin ta.

Abin takaicin shi ne masu girke-girken intanet da ke rantsuwa cewa nasu ne "asalin haɗi". Asalin me? Marubuciya ba ta bayar da haɗi ba, Universal kuma ya ɓoye nasa. Kamar a tara mata goma ne a ce kowacce ta dafa miyar da Ƙoƙi ta yi wa Gizo a tatsuniya: wata za ta kawo kuka, wata taushe, kuma ba wadda za a ce ta yi ƙarya. Haka kowa ke cike gurbin da abin da ke kicin ɗinsa. Wani lemo da kirim kawai yake sawa, wani ya tsiyaya barasar rum, duk da suna ɗaya da hoto iri ɗaya. Ko a haɗin da aka ce na yara ne, yawanci akwai ruwan banila, wanda dokar Amurka ta ce ba a kiransa tsantsa sai barasar cikinsa ta kai kashi 35 cikin ɗari. Ɗigo kaɗan ake sawa, hukuncinsa kuma na malamai ne, amma mai tura bidiyo ga jama'a bai kyauta ba idan bai tsaya ya karanta jerin kayan haɗin ba.

Shuɗiyar madarar Star Wars ma haka labarinta yake. A fim ɗin 1977 an ga Luke Skywalker yana shan ta a gidan kawunsa, gidan da a zahiri otel ne na cikin rami a garin Matmata na Tunisiya. Mark Hamill, wanda ya fito a matsayin Luke, ya faɗa cewa madarar kwali ce mai ɗumi aka rina, kuma da ƙyar take haɗiyuwa. Da Disney ya tashi sayar da ita a 2019, bai ma bi ta kan nonon dabba ba. Madarar kwakwa da ta shinkafa ya haɗa da ƙanƙara da ɗanɗanon 'ya'yan itatuwa, mai yiwuwa don ba wanda zai biya kuɗi ya sha abin da Hamill ya sha. A rumfar da ke dandalin kamfanin na jihar Fulorida iri biyu na wannan madarar ake sayarwa, wadda ba ta da komai da wadda aka zuba wa rum, kuma dukkansu shuɗaye ne.