Ɗigon fenti a bayan rago

Duk wanda ya shiga karar dabbobi ta Tawa ranar Lahadi, balle in babbar salla ta ƙarato, ya san ragunan nan masu ɗigon fenti a gadon baya. Wannan ja, wancan kore, wani an ja masa layi biyu a kafaɗa, wani an shafa masa shuɗi a ƙaho. Fentin ba ya ƙara wa rago tsoka, ba ya rage masa daraja. Amma in aka loda dabbobin mutum biyar a mota guda daga Abalak, aka sauke su cikin ƙura da hayaniya, ɗigon nan ne ke raba gardama tsakanin dillali da mai dabba. Ba sai an kai ga rantsuwa ba, a duba bayan ragon.

Dabarar nan ce ake yi kullum a ɗakin awon jini na babban asibitin Tawa, sai dai can abin da ake son bambancewa ido ba ya ganinsa. Uwa ta kawo yaro jikinsa rau da masassara, a caki yatsarsa, a ɗiga jini a kan gilashi, a baza, a bari ya bushe. In aka sa shi haka nan a madubin likita, ƙwayar cutar cizon sauro sajewa take yi da jinin, sai gwani ke iya tsinto ta. Likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ya gan ta haka, ba rini, a Kustantina ta Aljeriya cikin 1880, kuma an daɗe ana yi masa musu. Yau ana zuba wa gilashin wani ruwan rini mai ɗauke da sunan Gustav Giemsa, Bajamushen da ya daidaita haɗinsa a Hambug cikin 1904. A jira ɗan lokaci, a ɗauraye, a duba: ga ƙwayar nan ta fito da siffar zobe, jikinta shuɗi, da ɗigon ja a gefe. Har ƙirga su ake yi, a san ko ciwon ya yi nisa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, a kara hannun mutum ne ke zaɓen ragon da zai shafa wa fenti, a gilashi kuwa rinin da kansa ke zaɓe. Kowane launi a cikin haɗin yana da sashen da yake kamawa, ya bar saura. Shuɗin cikinsa ma ba don likitoci aka ƙirƙiro shi ba: Heinrich Caro ya haɗa shi a 1876 don rina auduga. Ashe marina da asibiti 'yan uwa ne na kusa. Haka ake yi wa majinar mai tarin fuka, ƙwayoyin su fito jajaye a kan shuɗi. Shi kuwa ɗan gwajin gaggawa da ke nuna jan layi a ƙananan likitocin karkara, galibi ƙurar zinariya ce mai tsananin laushi ke taruwa ta ba da wannan launi.

Alamar yatsa kuwa kowa ya san ta. Masu ɗigon rigakafin shan inna suna shafa wa ƙaramin yatsan yaro tawada don kada a tsallake shi ko a maimaita masa, haka kuma aka tsoma yatsun masu zaɓe a watan Disamban 2020.

Inda zancen ya fi nauyi shi ne wurin iri. Irin gero, na wake ko na masara da aka cuɗanya da maganin ƙwari da na ruɓa, ana rina shi ja ko ruwan hoda, ma'ana na ƙasa ne, ba na tukunya ba. To amma launi ba ya magana sai ga wanda aka faɗa wa ma'anarsa. A ƙarshen 1971 Iraƙi ta shigo da irin alkama da sha'ir daga Meziko da Amurka, an shafe shi da maganin da ke da sinadarin makuri, an rina shi ruwan hoda. Kayan sun iso wurare da dama bayan an gama shuka, gargaɗin da ke jikin buhunan kuma da Sifaniyanci da Ingilishi aka rubuta shi. Manoma suka wanke hatsin, launin ya fita, suka ɗauka dafin ma ya bi ruwa. Aka niƙa, aka yi burodi. Mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka rasu a can, ban da waɗanda suka mutu a gida.

A Adar, yankin Tawa, shuka kan zo daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuma tiya guda ta ragowar iri ba abin rainawa ba ce a gidan da ake auna tuwo. Shi ya sa nake ganin mai shagon da ke sayar da maganin iri bai gama ciniki ba in ya miƙa ƙunshi ya karɓi kuɗi kawai. Ya buɗe baki ya ce: Baba, abin da ya saura kada a daka, kada a watsa wa kaji, ko an wanke. Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Tamajak in Buzu ne a gabansa, don rubutun da ke jikin takardar sau da yawa da Faransanci yake.