Leptin: Saƙon da Kitse Ke Aika wa Ƙwaƙwalwa

Kitsen jikinmu yana magana da ƙwaƙwalwa. Yana zuba wani sinadari mai suna leptin cikin jini, wanda ke shaida mata yawan abin da ke ajiye. Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller da ke Amurka ne ya gano shi a 1994, aka yi ta murna an samu maganin ƙiba. Murna ta koma ciki, don yawancin masu ƙiba leptin ɗinsu ya yi yawa ma, ƙwaƙwalwar ce ta yi kunnen uwar shegu da shi.

A ganina, ainihin aikinsa sai lokacin yunwa yake fitowa. In mutum ya wuni ya kwana bai sa komai a baki ba, leptin kan faɗi warwas tun kitsen bai ragu ba. Sai ƙwaƙwalwa ta yi irin ta maigidan da ya leƙa rumbu da tsakiyar damina: a rage awo. Sinadarin tayirod na maƙogwaro, mai tsara saurin ƙona abinci, ya ja baya. Na haihuwa ma haka. In yunwar ta daɗe, al'adar mace kan ɗauke. A 1996 Rexford Ahima, likita ɗan ƙasar Gana, da abokan aikinsa a Amurka suka hana ɓeraye abinci na awa 48, suna yi wa wasunsu allurar leptin. Waɗanda suka samu allurar, sinadaran nan ba su faɗi sosai ba, alhali cikinsu wayam.

Garkuwar jiki ma cin abinci gare ta, ita ma ana rage mata kaso. A 1998 masu bincike a Landan suka nuna leptin na farfaɗo da garkuwar ɓerayen da ke cikin yunwa. Wanda ya fi taɓa ni shi ne binciken asibitin Mulago da ke Kampala, na 2014: cikin yara masu tsananin tamowa, waɗanda leptin ɗinsu ya fi ƙasa su suka fi rasuwa.

Kada mai azumin Ramadan ya tsorata. Da sahur, da buɗe-baki, jiki bai kai ga wannan tsuke aljihu ba.

Yaron da ya rame kuwa, ajiyarsa ta ƙare, gudawa ko tari kaɗan na iya kayar da shi. Iyaye, a garzaya da shi asibiti tun bai kwanta ba.